Tambaya da Amsa: Muna son kafa kulob na sauraron juna a makarantarmu

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki. Ni 'yar SS2 ce a wata makarantar kwana ta 'yan mata, yanzu muna hutu shi ya sa na ari wayar yayata nake rubuto miki. Anti zangon da ya wuce akwai ƙawata da muke gado sama da ƙasa, tun da babanta ya rasu ta canza gaba ɗaya, ba ta cin abinci sai an matsa mata, cikin dare in na farka sai in ji tana kuka ƙasa-ƙasa, lokacin firef ma ba karatu take ba sai dai ta zuba wa littafi ido. Wasu suka ce aljanu ne, siniyoyi kuma suka ce iyayi ne kawai. Rannan ta ce min ita gara ta mutu ta huta, amma ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Ban faɗa ba Anti har aka yi hutu, kuma wallahi abin yana ci na. Mu shida muka yi shawara in an koma mu kafa kulob da masu damuwa za su riƙa zuwa ana sauraronsu, amma muna tsoron a ce kulob ɗin mahaukata ne, kuma ba mu san ta ina za mu fara ba. Dan Allah ki ba mu shawara.
Daga 'yarki a Zariya.

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mahaifin ƙawarki. Za mu zo kan kulob, amma bari mu fara da rantsuwar nan don ita ce ba za ta jira a koma makaranta ba. Yau ɗin nan da kika karanta amsata ki samu Ummanki ko yayar nan taki ki faɗa musu komai yadda kika faɗa min, su kira mahaifiyar yarinyar ko wani babba a gidansu mai hankali wanda ba zai hau ta da faɗa ba. Duk wanda ya furta gara ya mutu, ba a auna ko da gaske yake ko wasa, ana ɗauka da gaske ne. Rantsuwa kuma addini ya riga ya ba ki mafita, in mutum ya rantse a kan abu sai ya ga akwai wanda ya fi shi alheri, to ya yi mafi alherin ya yi kaffara, ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, wanda ba shi da hali ya yi azumi 3. Ƙila ta yi fushi da ke sati biyu ko wata guda, ki jure. Ki kira ta kuma ke da kanki ki ce mata kin faɗa, kuma don kina son ta ne kika faɗa, kar ta ji a bakin wani.

In kina tsoron tambayarta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, ki cire tsoron, tambaya ba ta cusa wa mutum tunanin, likitocin wannan fanni sun daɗe da tabbatar da haka, yawanci ma sauƙi mutum yake ji an samu wanda ya lura. Kuna Zariya, asibitin koyarwa na Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, 'yan Kano suna da Dawanau da Malam Aminu Kano, Sakkwato akwai Kware, Maiduguri ma akwai nasu. Na san da an ce Dawanau ko Kware sai gaban mutane ya faɗi, amma wallahi da yawa masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita su karɓi magani ko shawara su koma gida kamar mai hawan jini.

To yanzu kulob. Ku kafa, ina goyon bayanku ɗari bisa ɗari, don abin da ke damun 'yar shekara 16 a hostal ba firinsifal ce ke fara sani ba, ba matiron ba ce, mai gadon ƙasa ce, ke ce shaida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin matasa 7 masu shekara 10 zuwa 19 ana samun 1 mai fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa ko damuwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka kafin shekara 14 suke somawa. Ki ƙirga 'yan ajinku ki raba bakwai. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, to in muka ce sai likita ya zo kowace makaranta, za mu daɗe muna jira.

Amma ku san matsayinku tun farko, ku kunne ne kuma ku 'yan rakiya ne, ku saurara, in abu ya fi ƙarfinku ku riƙe hannun mutum ku kai shi wurin babba. Ba ku za ku ce wance ciwon damuwa take da shi ba ko wance aljanu ne, ba za ku ba kowa magani ba ko da farasitamol ne. Shi ya sa kafin ku je ofishin firinsifal ku fara neman malama ɗaya da za ta zama uwar kulob. A tsarin ilimin ƙasar nan ya kamata kowace sakandare tana da malamin ba da shawara, in kuna da ita kuma ana iya magana da ita to shi ke nan, in kuwa suna ne kawai a jikin ƙofa, ku duba malamar da ɗalibai suke zuwa wurinta da kansu ba tare da an tura su ba, kowace makaranta akwai irinta, kuma kun san ta. Ku haɗa da nas ɗin kilinik. Ita malamar ce za ta shige muku gaba wurin hukuma, magana ta fi nauyi in ta fito daga bakinta.

Batun suna da kike tsoro, kina da gaskiya, kar kalmar ƙwaƙwalwa ko hauka ta kusanci allonku. A Kenya akwai wani shiri mai suna Shamiri da wani matashi Tom Osborn ya kafa da abokiyar aikinsa a 2018, suna horar da matasan da ba su daɗe da gama sakandare ba, 'yan 18 zuwa 22, su shiga makarantu su zauna da ɗalibai rukuni-rukuni, awa guda a sati har sati huɗu. Abin da ya burge ni ba sa shiga da sunan cuta sam, maganar godiya suke yi da sanin abin da mutum ya ɗauka da daraja da yadda ƙwaƙwalwa ke ƙaruwa in an motsa ta, kuma akwai ƙwararru a bayansu da ake tura wa duk wanda lamarinsa ya yi nauyi. A Zimbabwe kuma likita Dixon Chibanda benci ya ajiye a harabar asibiti ya horar da kakanni su zauna su saurari mutane, ciwon damuwar ma da sunan da mutanensu suka sani suke kiransa, wato yawan tunani. Mu ma muna da namu, damuwa, ƙunci, zullumi, baƙin ciki, tunani ya yi yawa, babu wacce za ta ji kunyar cewa tana da ɗaya daga ciki. Ku sa masa suna irin Zauren 'Yan Uwa ko Inuwa, ku buɗe wa kowa, mai damuwa da marar ita, a yi zancen tsoron WAEC da NECO da JAMB, kewar gida, cin zalin siniyoyi, rashin barci, maganar aure da ake yi wa wasu a gida tun ba su gama ba. In kowa na zuwa ba a gane wa ta zo don me.

Sirri shi ne ran abin, in magana ɗaya ta fita ta zaga hostal kulob ya mutu a ranar. Amma ku faɗa a fili tun zaman farko cewa sirrin yana da iyaka, wacce ta ce za ta cutar da kanta, ko wani yana taɓa ta ko yana dukanta, malama za ta ji, don kar a sake ɗaure wata da irin rantsuwar da aka ɗaure ki. Ku ajiye akwati mai kwaɗo na jefa takarda ba suna, malama ce kaɗai mai mukulli. Ku roƙi matiron a daina barin fiya-fiya da sauran maganin ƙwari a loka da ƙarƙashin gado, a kulle a sito, wannan ƙaramin abu yana ceton rai fiye da yadda ake zato. Ranar 10 ga Oktoba ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, ku nemi minti goma a asambili ko ku yi ɗan wasan kwaikwayo.

Za a samu mai ce muku rashin tawakkali ne. Ku amsa da ladabi, Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu kuma shekarar baƙin ciki ake kiranta, waye zai ce waɗannan ba su da imani? Addu'a da ruƙiyya ba su hana ganin likita ba, ku jawo 'yan MSS da 'yan FCS, wato ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi da Kirista, cikin tafiyar tun farko. Ku shida ɗin nan kuma ku riƙa karɓa-karɓa, kar mutum ɗaya ta zama ita ce bolar damuwar makaranta ga jarrabawa a gabanta, kuma ku ɗauko 'yan SS1 ku koya musu don kar abin ya tafi da ku ranar da kuka gama. Ki sake rubuto min bayan an yi magana da gidan su ƙawarki, ina son jin yadda take.

Salam Hajiya. Ni malami ne a makarantar maza ta jeka-ka-dawo, ɗalibaina sun zo min da irin wannan shawara amma mu matsalarmu ƙwaya ce, kuma yaro namiji ba zai zauna ya ce yana da damuwa ba. Ya za a yi?
Wani malami daga Gusau.

Malam sannu da ƙoƙari, kuma ka gode wa Allah su suka kawo maka da kansu. Binciken da aka yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, a 2018 ɗin ne kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma kai ka fi ni sanin cewa tiramol da sholisho ba su bar unguwa ba. Sau da yawa ƙwayar rufi ce, a ƙarƙashinta akwai yaron da aka kora daga ƙauyensu saboda 'yan bindiga ko wanda gidansu ba a ɗora tukunya kullum. Namiji ba ya buɗe ciki in an zaunar da shi ana kallon fuskarsa, amma bayan an tashi daga ƙwallo ko ana tafiya gida kafaɗa da kafaɗa zai yi magana, to ka gina kulob ɗin a jikin ƙwallo ko muhawara, ka zaɓi yaran da sauran ke jin maganarsu ko da ba su ne na ɗaya a aji ba. Hukumar NDLEA tana da shirin yaƙi da shan ƙwaya mai suna WADA tun 2021 kuma suna shiga makarantu, ka rubuta wa ofishinsu na jiha su zo su yi bayani. Sai dai ka yi wa yaran alkawari ka kuma cika, wanda ya kawo kansa ba za a kira sunansa a asambili ba, ba za a kore shi ba, iyayensa za a kira a zauna a nemi asibiti.