Me ya sa tsofaffin kwamfutoci suka yi tarayya a ƙwaƙwalwa guda?

Tambaya: Malam, na lura Apple II da Commodore 64 da BBC Micro kowacce da kamfaninta, amma an ce duk ƙwaƙwalwa ɗaya, wato guntun da ke sarrafa umarni, ke tafiyar da su, wai 6502. Ita ce ta fi sauri a zamanin?

Amsa: Ɗan'uwa, ba sauri ya ɗaukaka ta ba, araha ce. A 1974 wasu injiniyoyi, cikinsu da Chuck Peddle da Bill Mensch, suka bar Motorola suka koma wani ƙaramin kamfani a jihar Pennsylvania ta Amurka, MOS Technology. Peddle ya gaji da jin masu saye suna kukan tsadar 6800 ta Motorola. A MOS suka ƙera 6502, a 1975 suka kai ta baje kolin WESCON a San Francisco a kan dala 25, alhali abokan hamayyarta sun haura dala 150. Da aka hana su ciniki a filin baje kolin, sai suka zuba ta a kwalabe a ɗakin otal, masu saye suna bin su can.

Arahar ba asara suka yi ba. Sun rage kayan ciki, transisto wajen 3,500 kacal, don haka guntun silikon ya ƙanƙance. Kuma sun iya gyara aibin zanen da ake buga shi kafin a shiga ƙera, sai lalatattun da ake zubarwa suka ragu ƙwarai.

Steve Wozniak na kamfanin Apple, da aljihunsa bai kai kuɗin ƙwaƙwalwar kamfanin Intel ba, da ita ya haɗa Apple I a 1976. A wannan shekarar Commodore ta sayi MOS ɗungurungum. Sai dai ka gyara abu guda: ta cikin Commodore 64 sunanta 6510, ƙanwar 6502 ce da aka ɗan ƙara wa ƙofar shiga da fita. Gem ɗin Nintendo mai kaset, da kwaikwayonsa da suka cika kasuwanninmu, shi ma jininta ne.

Batun sauri kuwa, lamba na ruɗi. ZX Spectrum ta 1982 na ɗauke da ƙwaƙwalwar Z80 mai 3.5 MHz, wato agogonta na bugu sau miliyan 3.5 a daƙiƙa, Commodore 64 kuwa kusan 1 MHz. Amma 6502 na gama umarni a bugu 2 zuwa 7, Z80 ba ta yin ƙasa da 4, wani ma ya haura 20. Ni dai a ganina kusan kunnen doki ne, ko da yake masoya ɓangarorin biyu har gobe suna musu.

Injiniyoyin kamfanin Acorn da suka yi BBC Micro, Sophie Wilson da Steve Furber, da 6502 ta yi musu kaɗan sai suka zana tasu, suka kammala ta a 1985, suka kira ta ARM. Jikokinta ne a cikin wayar da ka turo wannan tambaya da ita.