Mawaƙi zai iya yin fim, amma ba muryarsa za ta riƙe shi ba

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce ƙaninki yana waƙa a Marwa, nan arewacin Kamaru, an fara saninsa a gidajen biki, yanzu wasu sun yi masa tayin fitowa a wasan talabijin mai dogon zango, kina tambaya ko mawaƙa na cin nasara a wannan harka ko zubar da suna ne kawai. Ni a Garwa nake, sana'ata ɗaukar bidiyo da tace shi, daga bikin aure har ƙananan finafinan da muke ɗorawa a YouTube, kuma mawaƙa da dama sun tsaya gaban kyamarata. Suna cin nasara, sai dai ba don sun iya waƙa ba.

Misalan ba ɓoyayyu ba ne. A Kannywood, Sani Danja da Adam A. Zango sun daɗe suna haɗa waƙa da fim. Umar M. Shareef ya yi shekaru yana rera waƙa jarumai na mamin, wato suna motsa baki kamar su ke rerawa, kafin Ali Nuhu ya ba shi jarumta a fim ɗin Mansoor a 2017. A Amurka ma, Will Smith mawaƙin rap ne kafin wasan barkwancin da ya fara a talabijin a 1990 ya mai da shi ɗan wasa.

To amma ki lura da abu ɗaya. Fim ɗin Hausa na zamanin faifan CD cike yake da waƙa da rawa, ko mawaƙi ya yi rauni a magana, da an sako kiɗa ya fanshe. Tun da Arewa24 ta buɗe a 2014, sannan wajen 2020 harkar ta koma masu dogon zango a tashoshi da YouTube, wannan rumfar ta rushe. Yanzu zama ne a falo, ana gardamar gado ko kishi, kyamara ta matso har tana ganin gumin goshinka, mako bayan mako. Suna zai jawo masu kallo a kashi na farko, amma daga nan in babu wasa sai su watse.

Abin da ya fi ba mu wahala da mawaƙi shi ne ido. A bidiyon waƙa an saba masa da kallon cikin kyamara, yana nuna ƙirji, yana kaɗa yatsa. A wasan kwaikwayo kuwa kyamarar kamar babu ita. Akwai wani yaro mai daɗin murya da muka ba shi matsayin ɗan da mahaifinsa ke yi wa faɗa kan kuɗin shago. Dattijon na zuba faɗa, shi kuwa leɓensa na motsi yana bitar layinsa, da an zo kansa sai ya ɗan juyo da fuska wajenmu ya gyara wuyan riga. Ba ya sauraro, jiran bakinsa kawai yake. Sai da mai ba da umarni ya karɓe takardar, ya ce masa ya ji abin da tsohon ke faɗa ya amsa yadda zai amsa wa babansa a gida, sannan muka samu abin ɗauka.

Sai haƙuri. A sutudiyo mawaƙi sarki ne, in murya ta kauce kwamfuta ta gyara. A lokeshin kuwa, cikin zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, za a kashe fanka saboda sauti, mai babur ya wuce a sake, akuya ta yi kuka a sake, shi kuma yana zaune tun hantsi ba a zo kansa ba. Wanda ya saba a yi masa liƙi yana shiga fili, da wuya ya jure yaron da bai kai shi suna ba ya ce masa "sake, bai yi ba". Ga kuma karo da biki: bayan Salla aure ya yi yawa, abin da zai samu a dare ɗaya ya fi na kwanakin shutin, sai ya tafi Kuseri ko ya tsallaka Njamena, ya dawo da sabon aski alhali jiya a labarin sumarsa a cike take. Wannan kaɗai ya isa a kashe mutum a labari a huta.

Ba na raina abin da mawaƙa ke zuwa da shi. Ba sa tsoron taro, haddarsu da sauri, sun san inda ake jan numfashi a magana, abin da sabon ɗan wasa ke daɗewa bai gane ba.

Shawarata, kada ya karɓi jarumta a karon farko, kuma kada ya yarda a sa shi matsayin mawaƙi, don wannan kansa zai fito, ba zai koyi komai ba. Ya nemi ƙaramin matsayi, tela ko ɗan acaɓa. Ya tambayi da wane harshe za a yi. Yaranmu na kwaikwayon Hausar Kano a waƙa ta zauna, amma a hira Fulatancin Marwa sai ya leƙo, gara a ba shi matsayin ɗan garin ya yi maganarsa ta gida. In kuma sun ce za su sa waƙarsa a taken shirin, a rubuta a takarda tun yanzu: ta wane ce, a tashar wa za ta hau a YouTube, kuma nawa ne nasa daban da kuɗin fitowa.