Amsoshin tambayoyinku: famfon maganin Parkinson, ku tsaya ku ji kafin ku fitar da kuɗi

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato ɗan injin nan da ake ɗaura wa masu cutar Parkinson, wato ciwon karkarwa, yana tura musu magani a jiki kaɗan-kaɗan, wanda ake ce wa famfo. Masu tsawo na taƙaita su.

"Anti, Babanmu ya daɗe da ciwon karkarwa. Da in ya sha ƙwaya yana wuni lafiya, yanzu awa biyu uku sai jiki ya ƙage, wani lokacin a hanyar masallaci ƙafa ta maƙale ya kasa ɗagawa. Yayanmu da ke Ingila ya ce a kai shi a sa masa famfo. Warkewa zai yi? Mama ko barci ba ta yi." Wata 'yar uwa daga Unguwar Rimi.

Sannu ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya, ki gaida min Mama ki ce ta kwantar da hankali, abin da kika lissafa haka ciwon yake yi in ya daɗe, ba sakacinku ba ne. Amma gaskiya ɗaya ce, famfo ba ya warkarwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamine ne ke raguwa, levodopa ɗin da ke cikin Sinemet ko Madopar cike gurbi kawai yake yi, to da shekaru suka ja sai ƙarfin kowace ƙwaya ya riƙa ƙarewa da wuri, ga ciki ma yana jinkirin sauke ta zuwa hanji inda jiki ke tsotse ta. Aikin famfo shi ne ya riƙe maganin daidai a jini, lokutan ƙagewar su ragu. Ga wanda ya dace da shi yana taimakawa sosai, wannan kam ba musu.

Iri uku aka fi sani. Akwai apomorphine, siririyar allura ce a ƙarƙashin fata, yawanci daga tashi barci zuwa dare. Akwai Duodopa, shi sai an huda ciki an sa tiyo har cikin hanji, maganin mai kauri ne a cikin kaset. Sai sabon, Produodopa, wanda a Amurka ake kira Vyalev kuma a 2024 aka amince da shi a can, shi ma ta fata ne amma awa 24 yake aiki.

Kafin a sayar da fili ko a ci bashi, ku tambayi yayan naku: in Baba ya dawo Kaduna wa zai riƙa aiko da magani da allurai da tiyo duk wata, ba fashi, da kuɗin waje? Wane likita ne a nan zai riƙa duba saitin? Inji in ya lalace ranar Juma'a da dare wa za a kira? Abin kamar kiwon kaji ne, sayen 'yan tsaki ba shi ne wahala ba, abincin kullum ne. In babu amsa mai ƙarfi, ku fara kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ku tambaya a asibitin Shika ko na Barau Dikko, sau da yawa akwai sauran gyara a ƙwayoyin: a raba lokutan sha, a ƙara wani kamar entacapone, a magance taurin bayan gida, a daina haɗa levodopa da nama ko wake ko fura da nono a lokaci ɗaya, a nisanta shi da ƙwayar ƙarin jini.

"Apomorphine ɗin nan ba morphine ba ce? Kar a mai da min miji ɗan ƙwaya." Daga Rigasa.

A'a Hajiya, suna ne ya yi kama, ba ta aikin morphine kuma ba maganin kashe zafi ba ce. Abin da za ki sa wa ido shi ne tashin zuciya, jiri in ya miƙe tsaye saboda jini na sauka, da yawan gyangyaɗi. Ya haƙura da tuƙi in yana gyangyaɗin.

"Na ga famfo a wani gurup na WhatsApp, na wani dattijo ne da ya rasu, iyalan za su sayar da araha har da ragowar magani kwali biyu. Mai tallan ya ce zai nuna min yadda ake dannawa ta bidiyo. In saya wa mahaifiyata?" Wani daga Kawo.

Haba Malam! Mahaifiyarka fa ka ce. Wallahi wannan tambayar ta ɓata min rai, kuma zan tsaya a kanta don na san ba kai kaɗai ba ne, mun saba komai sai mu nemi na hannu, waya ta hannu, firij na hannu, yanzu har abin da zai shiga jinin uwa.

Saitin da ke cikin injin nan na mamacin ne, likitansa ya auna shi da jikinsa da yawan maganin da yake sha, ba na mahaifiyarka ba. Apomorphine a asibiti ake fara ta, ana auna hawan jini a kwance da tsaye, galibi sai an fara ba da domperidone kwana biyu kafin nan saboda amai, shi kansa domperidone ɗin sai an yi gwajin zuciya na ECG don yana iya taɓa bugun zuciya, sannan ana bin jini da gwaji lokaci-lokaci saboda maganin kan iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Duk wannan mai bidiyon WhatsApp ne zai yi maka? Tsohuwa ta yanke jiki ta faɗi a banɗaki ƙugu ya karye, lambarsa ma ba za ta shiga ba.

Sai kwali biyun. A ina aka ajiye su tun rasuwar? Kaset ɗin Duodopa da kwalaben Produodopa a firij suke zama, digiri 2 zuwa 8. Kai ka san wutarmu, ka san zafin Maris da Afrilu a garin nan, ka kuma tuna Oktoban 2024 da Arewa ta yi kwana da kwanaki a duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Maganin da zafi ya dake shi ba lallai ido ya gane ba. Apomorphine dai tana ɗan tona asirin kanta, in ta koma kore ta lalace a zubar, ita kuma ba a son ta wuce digiri 25, wanda ɗakin kwano da rana tsaka ya fi haka nesa ba kusa ba. Ban ma zo kan jabu ba. Duk maganin da ke da tsada kuma yake wahalar samu shi 'yan damfara suka fi so, don sun san mai jinya a matse yake, ba zai tsaya duba lambar NAFDAC ko lambar rukuni ko ranar ƙarewar aiki ba, kwali mai kyau da rubutun Turanci ya ishe shi. Mutum ya tara kuɗin 'yan uwa, wani ya sayar da babur, wata ta sayar da ɗan kunnenta, a miƙa wa wanda ko shago ba shi da shi. Araha ba ta ado. Wannan ba kayan kemis na lungu ba ne balle na Kasuwar Barci, ta hannun asibitin da ya rubuta ake samunsa, ko famasi mai rajista da za ka koma ka riƙe su da rasit.

Kuma abin da ya fi tsorata ni, kwali biyu in sun ƙare fa? Jikin da ya saba samun magani ba yankewa in aka tsayar masa farat ɗaya yana iya shiga mummunan hali, zazzaɓi mai zafi, jiki ya sandare, hankali ya gushe, har rai ana rasawa. Kuɗin da ka ware ka kai Mama wurin likita da su, ka saya mata ƙwayoyi masu kyau na wata da watanni, ka gyara mata banɗaki da abin dafawa. Gurup ɗin kuma ka fita.

"Mamanmu an sa mata na fata a waje, mun dawo gida. Yanzu cikinta duk ƙulalai, ni ke canza mata allurar kuma tsoro nake ko ni ce nake yin ba daidai ba. Sannan in inji ya tsaya cikin dare me zan yi?" Daga Barnawa.

Allah ya yi miki albarka 'yata, ba laifinki ba ne, ƙulalan nan kusan kowa mai apomorphine yana samunsu. Ki riƙa canza wuri kullum, yau wannan gefen ciki gobe wancan, ko gefen cinya in an koya miki, kar ki soka a kan ƙulli ko tabo ko inda zani ke ɗaurewa. In Produodopa ne kar kanula, wato ɗan siririn tiyon da ke zama a ƙarƙashin fata, ta wuce kwana uku a wuri ɗaya, kuma a nisanci cibiya da kamar santimita 5. Wanke hannu da sabulu, fata ta bushe kafin ki soka, sabuwar allura kowane lokaci, dan Allah kar tsada ta sa ki maimaita tsohuwa. Murza wurin a hankali bayan an cire yana taimakawa. Ban da man zafi, ban da tsaga, ban da ƙaho. In wuri ya yi ja yana faɗaɗa, ya yi zafi, ko ruwa na fita, ko ta fara zazzaɓi, asibiti a ranar.

Maganar tsayawar inji, tun yau ki sa likita ya rubuta miki a takarda wace ƙwaya za a ba ta, guda nawa, bayan awa nawa, in famfo ya tsaya. Ki sayi ƙwayoyin ki ajiye, ki manna takardar a bango kowa a gidan ya sani, ba ke kaɗai ba. Batir na ajiya ya zama a cike kullum, har a jakar tafiya. Mai maganin firij ya sa ma'aunin zafi a ciki, sola ko inbata ta fi amfani a kan firij ɗin nan fiye da talabijin, in za a sa maganin a cikin kular ƙanƙara kar kwalba ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye don daskarewa ma lalata shi take yi.

Sannan ki riƙe wannan da kyau. A garin nan duk zazzaɓi maleriya ne ko taifod, duk amai kuma allura ake yi. In kun je asibiti ko nas ta zo gida, ki fara faɗin cewa tana da Parkinson kuma ga maganin da ke cikin famfo. Mai apomorphine ba a ba shi ondansetron, jini na iya faɗuwa har ya suma. Metoclopramide, wato Maxolon ko Plasil, da Stemetil da haloperidol da Largactil duk suna ƙara ƙage mai Parkinson. Rubuta sunayen a kati ki sa a jakarta.

"Wanka da alwala da azumi fa?" Daga Tudun Wada.

Alwala ba matsala. Wanka a cire injin yadda aka koya, kar ruwa ya taɓa shi, a mayar da wuri. Azumi kuwa kar a kashe famfo daga asuba zuwa magariba, Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Hukuncin ko yana karya azumi a tambayi malami, amma a bayyana masa wane iri ne, don na fata daban, mai zuba wa cikin hanji daban.

"Bikin 'yarsa za a yi, in ƙara masa gudun maganin ranar don ya tsaya da ƙarfi a hoto?" Daga Malali.

A'a. Ƙari ba bisa ƙa'ida ba shi ke kawo fizge-fizgen jiki da gane-gane da faɗuwa. Akwai maɓallin ƙarin da likita ya ƙayyade, iyakarka ke nan. A ba shi kujera, masu hoto su durƙusa.

"Anti ina jin kunyar faɗa. Tun da aka fara wa maigidana maganin ya canza, mutumin da ko kati bai taɓa yi ba yanzu caca yake a waya, ya cinye kuɗin shago, ga yawan neman shimfiɗa. Ko asiri aka yi masa?" Ba suna.

Kar ki ji kunya 'yar uwa, kin kyauta da kika faɗa. Wannan sanannen abu ne da magungunan da ke aiki irin na dopamine, apomorphine da ƙwayoyi irin su pramipexole da ropinirole, suna sa wasu caca, sayayya ba kai, yawan ci, ko sha'awa ta wuce kima, kuma galibi mai abin ba ya ganin ya canza. Ba halinsa ne ya lalace ba, kuma yakan lafa in likita ya rage ko ya canza magani. Kar ki kashe injin da kanki, a hankali ake ragewa. Ki nemi ganin likitan a wannan satin, in ba za ki iya faɗa a gabansa ba ki rubuta a takarda ki miƙa. Kafin nan ki samu wani babba da yake jin nauyinsa, wansa ko amininsa, a karɓi katin banki a ajiye cikin mutunci, a bar masa na cefane a hannu.