Tun da doki ya kayar da ni, jikina ɓari yake in na zo hawa

Tambaya: Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Bara dokin kawuna ya kayar da ni a wajen kilisa. Ban karye ba, amma yanzu da na sa ƙafa a likkafa sai jikina ya hau ɓari, abokai kuma na ta yi min tsiya. Ina son hawan sallah. Ko dai ba ni da rabo a harkar?

Amsa: Ɗan'uwa, tsoron da ka ambata ba a zuci kaɗai yake zama ba, yana sauka hannu da ƙafa. Mai fargaba yakan matse cikin doki da ƙafafu, wanda a wurin doki ma'anarsa "tafi", kuma ya finciki linzami, wato "tsaya". Linzaminmu na gargajiya kuwa yana da zafi a baki. Doki ya rasa wanne zai bi, sai ya yi tutsu ko ya miƙe tsaye da ƙafafun baya. Galibi daga nan faɗuwa take farawa.

Don haka kada ka fara da hawa. Yi mako guda kana zuwa turke safe da yamma: ba dokin harawa da dusa, goge masa jiki, ja shi da ragama ka zagaya. Ka riƙa zuwar masa ta kafaɗa kana magana, don ba ya ganin abin da ke daidai bayansa. In ya kwantar da kunnuwa baya, ja jiki.

Sai kaya. Bayan ka ɗaura sirdi, ja shi taku kaɗan ka sake duba majayi (ɗamarar da ke riƙe sirdi a cikin doki), domin doki na kumbura ciki lokacin ɗauri, daga baya sirdi ya yi sako-sako ya juya da kai. Yatsu biyu su shiga ƙarƙashin majayin da ƙyar, shi ne daidai. Ajiye kaimi tukuna.

Mako na biyu, nemi tsohon doki mai sanyi (ba ingarman da ya kwana uku a turke yana cin hatsi ba), wani ya riƙe maka ragama a fili mai yashi. Minti 15 na tafiya kawai ya isa. Duba inda za ka, ba wuyan doki ba, ka sauke numfashi. In ya ɗauki gudu, ja linzami ɓangare ɗaya a hankali ya yi da'ira, zai rage da kansa. Sa hular kwano, ko ta babur ce, masu dariya su yi ta yi.

Ranar sallah akwai bindiga da ganguna da cunkoso, to kafin nan ka saba wa dokinka da ƙara daga nesa. A bana, ka shiga tsakiyar ayarin hakimi da mai riƙe maka ragama, sukuwar jafi (ta gaishe da sarki) kuma ka bar ta sai baɗi.