Ka fara da ƙofa kafin ka sayi sifika

Malam, kan tambayarka ko canza sifikokin ƙofar mota kaɗai zai kawar da kwaramniyar da kake ji in ka ƙara murya: ba zai kawar ba. Ƙarfen ƙofar ne ke rawa, don haka da shi za ka fara.

Nemi shimfiɗar butyl mai bayan alminiyom, wato roba ce da ake manna wa ƙarfen ƙofa don ta rage masa rawa. Ka guji mai kwalta ko da ta fi araha, domin zafinmu na Afrilu zai narkar da ita, ta zame, motar ta cika da wari. A goge cikin ƙofar tas, a manna, a danne sosai kada iska ta rage. Ba sai an rufe ko'ina ba, tsakiyar faffaɗan ƙarfen ya fi buƙata. Amma ka tsaya a kan mai aikin kada ya toshe ramukan fitar ruwa na ƙasan ƙofa, in ba haka ba damina ɗaya tsatsa za ta kama.

Sifika kuwa, ta yawancin ƙofofi inci 6.5 ce, ohm 4 (ma'aunin turjiyar lantarki). Ka auna zurfi kada gilashi ya daki maganaɗisun in ya sauka. Kada lambar 300W (wat 300) ta jikin kwali ta ruɗe ka, RMS za ka duba, wato ƙarfin da sifikar ke iya ɗauka a kai a kai. Rediyon mota da wuya ya wuce wat 20 na RMS a kowace sifika, fiye da haka sai da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti.