Ɗan'uwa ne ko takwara?

Tambayarka ita ce, in kana aikin ƙamus na Turanci ka ci karo da kalma mai ma'ana biyu, yaushe za ka ajiye su gida ɗaya, yaushe za ka raba su. To saurara, ɗana.

Fara da neman zumunci tsakanin ma'anonin. Kalmar mouth tana nufin bakin mutum, tana kuma nufin inda kogi ya faɗa teku. Hoton ɗaya ne, kamar yadda muke cewa bakin ƙofa da bakin rijiya. 'Yan gida ɗaya ne, sai ka jera su ƙarƙashin kalma guda, da lamba 1 da 2. Amma bat na jemage da bat na sandar buga ƙwallo takwarori ne kawai, suna ya haɗa su ba jini ba. Kowanne gidansa daban, ka sa masa 'yar ƙaramar lamba a kafaɗa.

Inda masu koyo suke faɗuwa shi ne dogaro da kunne kaɗai. Ɗauki ear. Bature zai rantse cewa ear na zangarniyar hatsi daga ear na kunne ya fito, tunda zangarniya tana leƙowa kamar kunne. Ba haka ba ne. A tsohon Turanci kalmomi biyu ne masu tushe daban, zamani ne ya goge bambancinsu. Shi ya sa ba a yanke hukunci sai an buɗe ƙamus mai ba da asalin kalma, irin babban ƙamus na Oxford.

Asalin ma yana yaudara. Pupil na ɗalibi da pupil na baƙin tsakiyar ido tushensu ɗaya a Latin, kalmar da ke nufin ƙaramin yaro ko 'yartsana, saboda ɗan hoton kanka da kake gani in ka leƙa idon wani. Wa ya san da wannan zumunci yau? Flour na garin alkama da flower na fure ma kalma ɗaya ce a da, har ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 bai raba su ba.

In asali da kunnen mai magana suka saɓa, duba wa kake wa ƙamus ɗin. Na masu bincike, bi asali. Na ɗalibai, ni a ganina ka raba pupil gida biyu, don fassararsu da Hausa ba ta haɗu ko'ina ba. Abin da ka zaɓa a harafin A, riƙe shi har Z.