Tambaya da Amsa: Wane Fik Ya Dace da Mai Koyon Jita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Wata biyu ke nan da na sayi jita ta hannu mai tsirkiyoyin ƙarfe, irin wadda ba a jona ta da lantarki. Wanda ya sayar mini ya haɗa mini da fik guda, wato ɗan faifan robar nan da ake kaɗa tsirkiya da shi, amma ba shi da kauri ko kaɗan, sai lanƙwashewa yake yi, ƙarar fat-fat ɗinsa har tana neman danne muryar jitar. Abokina mai kaɗa mandolin, wani ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya, ya ce in nemi mai kauri irin nasa ko da yana da tsada. Shin in bi shawararsa? Sannan gaskiya ne ana iya yanka tsohon katin banki a yi kiɗa da shi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai da ma'aunin mandolin ya auna maka jita, alhali kowannensu da abin da yake bukata.

Abu na farko da za ka duba a jikin fik shi ne kaurinsa, wanda akan rubuta da milimita. Wanda bai wuce 0.60 ba shi ne marar kauri, kuma bisa bayaninka irinsa ne a hannunka. Daga 0.60 zuwa wajen 0.80 matsakaici ne, abin da ya haura haka kuwa ya shiga sahun masu kauri. Marar kauri yana da ranarsa, domin idan kana share tsirkiyoyi shida gaba ɗaya don raka waƙa, laushinsa yana rufa wa hannun ɗan koyo asiri, ba ya maƙalewa, ba ya kuma fizgar tsirkiya. Aibinsa yana fitowa ne lokacin da ka zo tsintar sauti ɗai-ɗai: kafin ya saki tsirkiyar sai ya lanƙwashe tukuna, saboda haka sautin yakan makara, ya fito ba nauyi, ga kuma fat-fat ɗin da ka yi kuka da shi. Mai kauri ba ya lanƙwasa, duk abin da hannunka ya yi shi tsirkiya za ta faɗa, kuma hannun da ya yi wata biyu kacal yana koyo bai kai a bar shi da wannan tonon silili ba. Shawarata ita ce ka fara da 0.73. Idan ka sami samfurin Tortex na kamfanin Dunlop, launi ma ya ishe ka alama: ja 0.50 ne, ruwan lemo 0.60, rawaya 0.73, kore 0.88, shuɗi 1.0. Ka ɗauki rawaya biyu, ruwan lemo ɗaya da kore ɗaya, ka riƙa kaɗa waƙa guda da kowannensu har tsawon mako biyu, kunnenka zai raba maka gardama.

Game da siffa, ka tsaya a kan wadda aka fi sani, mai faɗi a sama da ɗan tsini a ƙasa, wadda masu sana'ar ke kira 351. Ƙananan nan masu tsini sosai, irin Jazz III, na masu gudun yatsa ne, ka bar su sai gaba.

Dalilin abokinka kuwa shi ne mandolin tsirkiya takwas gare ta, an jera su bibbiyu, gajeru ne kuma a ɗaure tamau. Kowane bugu sai fik ya ratsa tsirkiya biyu a lokaci guda, kuma da yake sautinta ba ya daɗewa yake mutuwa, makaɗin yakan riƙa kai da komo da sauri a kan sauti ɗaya domin ya ja shi, har ka ji kamar muryar tana karkarwa. Fik mai laushi ba ya iya wannan aiki, shi ya sa masu kiɗan bulugiras, wani salon kiɗan karkara na Amurka, suka fi son mai kaurin milimita 1.0 zuwa 1.5, mai faɗi da dunƙulallen baki. Su ma ba duka suka taru suka zama ɗaya ba, domin masu bin tsohon salon Italiya, inda mandolin ta samo asali, sun fi karkata ga ƙarami mai tsini.

Maganar tsada ba na goyon bayanta ga ɗan koyo, saboda fik abu ne mai ɓata. Yau yana aljihu, gobe ya bi wanki, jibi ya faɗa ramin jita kana kife ta kana girgizawa kamar mai neman canji a asusu. Abin da aka yi shi da shi ya fi farashinsa muhimmanci. Na seluloyid, wani nau'in roba, wanda Luigi D'Andrea ya fara yi a birnin New York a 1922, yana da daɗin sauti, amma yana da santsi, zafi yana tanƙwara shi, kuma yana saurin kama wuta, don haka kada a bar shi a rana. Na nailan yakan zo da ɗan ƙurji-ƙurji a wurin riƙo, wanda ke da amfani sosai a ƙasarmu, inda gumin bazara da bushewar hunturu duk suke sa abu ya suɓuce daga yatsa. A da can, fik mafi daraja da ƙoƙon bayan kunkurun teku ake yin sa, har aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe bayan yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ke kare halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Neman madadinsa ne ya haifar da Tortex a 1981.

Sai dai ina zargin rabin damuwarka ba daga fik take ba, daga riƙo take. Ka lanƙwasa manuniyarka kaɗan, ka ɗora fik a gefen gaɓarta ta ƙarshe, ka danne da babban yatsa a gicciye, ta yadda tsinin da zai leƙo bai wuce milimita uku zuwa biyar ba. Yawancin masu koyo sukan bar rabin fik a waje, to dole ya yi ta faɗaɗa kamar tuta. Kada ka damƙe shi har farcenka ya yi fari, riƙon da zai hana shi faɗuwa ya wadatar. Motsin ya fito daga wuyan hannu, ka kuma ɗan karkata bakin fik ɗin yadda zai zame a kan tsirkiya maimakon ya mare ta da faɗinsa. Sau da yawa wannan gyara kaɗai yakan rage ƙarar da kake ji.

Batun katin banki gaskiya ne, kuma akwai dalili: kaurinsa milimita 0.76 ne, wato daidai matsakaicin da na ba ka shawara. Ka ɗora fik ɗinka a kai ka zana, ka yanka da almakashi a wurin da babu lambobi masu tudu ko ɗan ƙarfen nan, sannan ka goge bakin da abin gyaran farce har ya yi sumul, domin baki mai kaushi yana kartar tsirkiya. Robarsa tana saurin cinyewa, don haka na maleji ne kawai. Ba kai ne farkon mai dabara ba: makaɗan garaya da ɗan busasshen ƙirgi suke kaɗa tasu tun kaka da kakanni, Brian May, makaɗin jita na ƙungiyar mawaƙa ta Queen, kuwa da tsohon sisin Ingila ya yi suna. Ƙarfe dai ban ba ka shawararsa yanzu ba, saboda yana cin tsirkiya kuma yana ƙwarzane fuskar jita, ga shi taka ta hannu ce, wataƙila ta riga ta sha jiki kafin ta iso gare ka.